Ranar da Kwamfuta Ta Zauna Cikin Makaɗa

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Yau za mu leƙa wani irin kiɗa da ba a cika jin sa a gidajen rediyonmu ba, wanda ya yi ƙarfi a Turai da Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma har gobe ana yin sa. Kiɗa ne na mutum uku ko huɗu, wani lokaci ma mutum ɗaya tak, riƙe da kayan kiɗa na itace da tsirkiya, ga kuma kwamfuta a gefe suna kiɗan tare a gaban jama'a.

Bari in zana muku wurin. Ƙaramin zaure ne. A kan dandamali akwai kujeru huɗu. Mutum biyu na riƙe da biyolin, wato gogen Turawa da ake ɗorawa a kafaɗa. Na uku na riƙe da yayansa mai ɗan kaurin murya. Na huɗu ya jingina babban goge tsakanin gwiwoyinsa, wanda suke kira celo. Kowane goge an maƙala masa ɗan ƙaramin makirfo. Wayoyi sun bi ƙasa sun nufi wani tebur da aka ajiye a tsakiyar 'yan kallo, inda mutum na biyar ke zaune gaban kwamfuta da mikisa. Lasifikoki kuma sun kewaye zauren, gaba da baya, hagu da dama. Mai celo ya goga izga sau ɗaya, sai ka ji sautin ya taso daga gabanka, ya rabu gida uku, ya zaga ta bayan ƙeyarka, ya dawo da wata murya wadda itace da tsirkiya ba za su iya fitarwa ba. Kuma ba faifai aka saka ba. Abin da ka ji, nan take aka yi shi, daga hannun mutumin nan da kake kallo.

Kafin mu shiga batun na'ura, ya kamata mu san gidan da ta shigo. Turawa na da daɗaɗɗiyar al'ada ta kiɗan ɗaki, wanda ya bambanta da taron makaɗa 80 ko 100 da wani jagora mai sanda ke tsaye yana yi musu nuni. A kiɗan ɗaki mutanen kaɗan ne, kowa da nasa layin, ba mai maimaita na wani, kuma ba jagora. Joseph Haydn ɗan ƙasar Ostiriya, wanda ya rasu a 1809, ya rubuta kiɗa sama da 60 domin masu goge huɗu, kuma a hannunsa tsarin ya tsaya da ƙafarsa. Abin da ke riƙe da irin wannan kiɗa shi ne sauraron juna. Na farko ya ja numfashi, sauran sun san za a shiga. Ya ɗan sassauta, kowa ya sassauta. Ya ɗaga gira, an gane.

Wanda ya taɓa kallon marigayi Mamman Shata da makaɗansa ya san abin da nake nufi. Yana cikin waƙa sai ya hango wani ya shigo fili, ya karkata waƙar ta koma kansa, kalangai su bi shi, 'yan amshi su jira har ya sauke. Ba wanda ya ce da su "yanzu". Kunne ne da ido da sabo. To, ga tambayar shirinmu na yau: abin da ba shi da kunne, ba shi da ido, ba ya numfashi, ta yaya zai zauna cikin irin wannan da'ira? An haura shekara 70 ana kokawa da wannan tambaya, kuma a ganina tarihin kiɗan nan gaba ɗayansa tarihi ne na koya wa na'ura saurare.

(ƊAN KIƊA)

Labarin ya taɓa nahiyarmu tun daga tushe. A 1944, a birnin Alƙahira, wani ɗalibin aikin gona mai suna Halim El-Dabh ya ari na'urar ɗaukar magana daga wani gidan rediyo, irin ta da can wadda ke naɗar sauti a kan siririyar waya. Ya je inda mata ke yin zar, wasan iskokin nan na Masar da Sudan da Habasha mai kama da bori a wurinmu, ya ɗauko muryoyinsu. Da ya koma sutudiyo sai ya yi ta sarrafa su, yana ƙara amsa-kuwwa, yana tace wasu sassan muryar, har abin da ya rage ya daina kama da waƙar mutane. Ana lissafa wannan aiki cikin na farko-farko a duniya da aka gina kiɗa daga naɗaɗɗen sauti. Bayan shekara 4, a Faris, injiniyan rediyo Pierre Schaeffer ya ɗauki ƙarar jiragen ƙasa a faifai, ya tsakura ya jera, aka watsa a rediyon Faransa a 1948. A 1951 kuma gidan rediyon birnin Kolon na Jamus ya kafa ɗakin da ake ƙirƙirar sauti daga lantarki zalla. Ku lura, jama'a, duka ukun daga gidan rediyo suka fito, domin a wancan zamani can ne ake da kayan aikin.

Sai dai nan da nan aka ci karo da matsala. Ka sayi tikiti, ka ci ado, ka zo zaure, sai ka tarar ba kowa a dandamali sai lasifika. Ba wanda zai yi gumi, ba wanda zai yi kuskure, ba wanda za ka tafa wa. Abin da aka ji yau shi za a ji gobe, ba ragi ba ƙari. Jama'a suka ji abin ya yi musu salam. Shi ya sa masu tsara kiɗa suka ce a dawo da makaɗi dandamali, a haɗa shi da tef.

Bruno Maderna ɗan Italiya ya gwada haka a 1952 da mai busa sarewa. A 1960 Bajamushe Karlheinz Stockhausen ya fitar da Kontakte, kiɗan kusan minti 35 na mai fiyano da mai ganguna da ƙarafa, ga tef na fita ta kusurwa huɗu na zauren. Don ya sa sautin ya riƙa zagaya masu sauraro, sai ya ɗora lasifika a kan tebur mai juyawa, ya kewaye shi da makirfo huɗu, yana juya teburin da hannu yana naɗa.

Wanda ya fi burge ni a wannan zango shi ne Mario Davidovsky, ɗan Ajantina da ya zauna a Niyok. Duk wanda ya taɓa danna fiyano na asali, mai guduma da tsirkiya a ciki, ya san da zarar sautin ya fito ya fara dusashewa ke nan, ba yadda za a yi a ƙara masa ƙarfi. Davidovsky ya buɗe wani kiɗansa da sauti ɗaya na fiyano. Yana cikin dusashewa sai tef ya karɓe shi daidai inda yake, ya kumbura shi, ya yi ta ƙaruwa. Mai sauraro ya rasa inda fiyano ya tsaya da inda lantarki ya ɗauka. Wannan kiɗa ya ci masa lambar Pulitzer a 1971, ɗaya daga cikin manyan lambobin yabo na Amurka.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Tef ba ya jira. Da zarar an danna, ya tafi ke nan. Makaɗi na zaune da agogo a gabansa yana ƙirga sakan, ko da abin kunne yana yi masa ƙyas, ƙyas, ƙyas, don kada ya kauce. Idan zauren mai amsa-kuwwa ne, ya so ya ɗan dakata sautin ya lafa, ba hali. Idan yau jikinsa ya ba shi ya ja wani wuri a hankali, ba hali. Mutumin da ya shekara 20 yana koyon yadda ake numfashi tare da abokan kiɗa, an zaunar da shi kusa da abokin da ba ya kallon kowa. Makaɗa da yawa sun koka da wannan, kuma suna da gaskiya.

Kada a ce na kushe tef gaba ɗaya. Akwai aikin da rashin jiran tef ɗin shi ne ƙarfinsa, kuma ina so mu ɗan tsaya a kansa. Steve Reich, Ba'amurke ne Bayahude da aka haifa a 1936. Iyayensa sun rabu yana jariri, uban na Niyok, uwar na Los Anjalis. Daga 1939 zuwa 1942 yana yaro ya riƙa kai-komo tsakaninsu a jirgin ƙasa tare da mai renonsa, tafiyar kwanaki daga wannan gaɓar Amurka zuwa waccan. Da ya girma sai ya yi tunani: da a Turai yake a waɗannan shekarun, da wani jirgin daban za a saka shi, irin waɗanda 'yan Nazi suka cusa Yahudawa a ciki zuwa sansanonin kisa. A 1988 ya tsara kiɗan Different Trains domin masu goge huɗu na ƙungiyar Kronos. Ya naɗi muryar tsohuwar mai renonsa, da ta wani dattijo baƙar fata da ya yi aikin hidima a jiragen wancan zamani, ya kuma samo muryoyin mutum uku da suka tsira daga kisan kiyashin. Daga maganarsu ya tsakuro gajerun jimloli, ya saurari hawa da saukar muryar kowa, ya rubuta shi a matsayin karin kiɗa. Idan mace ce ta yi magana, matsakaicin goge ne ke kwaikwayon ta. Idan namiji ne, celo. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, tunda harshenmu da karin sauti yake tafiya, kuma mun taso muna jin ganga na magana. Shi kansa Reich ya je Gana a 1970 ya koyi kiɗan ganga. A ƙarƙashin muryoyin nan akwai usur ɗin jirgi da jiniya da wasu gogunan da aka riga aka naɗa, suna tafe ba tsayawa. Makaɗan huɗu dole su bi. Kuma daidai ne su bi, domin waɗanda aka tura cikin waɗancan jirage ma ba a tambaye su ba.

(A SAKA TSAKURE NA KIƊAN)

Mataki na gaba shi ne a bar naɗaɗɗen abu, a sarrafa sautin makaɗi a lokacin da yake fita. Stockhausen ɗin dai ne ya buɗe ƙofa ɗaya. Yana da wani ƙaton faifan ƙarfe, faɗinsa ya kusa tsayin mutum, rataye a lambun gidansa. A 1964 ya kwaso tarkacen kicin, su cokula da kofunan gilashi da roba da kwali, ya riƙa goga su a jikin faifan, yana matso da makirfo yana janyewa, abokin aikinsa kuma na cikin ɗaki yana murɗa na'urar tace sauti. Da suka saurari abin da suka naɗa sai suka ji gurnani da kuka da ruri, duk daga ƙarfe ɗaya. Daga nan ya tsara kiɗa na mutum shida: biyu na taɓa faifan, biyu na yawo da makirfo a jikinsa, biyu na cikin jama'a suna murɗa na'ura. Shi da bakinsa ya kwatanta makirfon da abin da likita ke ɗorawa a ƙirjin marar lafiya. A nan ne mai riƙe da makirfo da mai murɗa na'ura suka shiga lissafin makaɗa.

To ina kwamfuta duk wannan lokaci? Nawa ce ta hana ta shigowa. Tun 1957 Max Mathews, injiniya a ɗakin bincike na kamfanin Bell a Amurka, ya sa kwamfuta ta fitar da kiɗa na sakan 17. Amma kwamfutar lokacin ta cika ɗaki, kuma sai ka ba ta aiki ka tafi ka dawo kafin ka ji sakamako. Ga dalili. Kwamfuta ba ta san sauti ba, lamba ta sani. Makirfo na mayar da girgizar iska ta zama lantarki, kwamfuta ta auna lantarkin nan sau dubbai a sakan ɗaya, sau 44,100 idan irin awon faifan CD ne. Kowace lamba sai an yi lissafi a kanta, sannan a mayar wa lasifika. Idan ana so a yi kiɗa tare da mutum, dole duk wannan ya kammala cikin kamar kashi 1 cikin 100 na sakan. In ya zarce haka da yawa, makaɗi zai ji tazara tsakanin hannunsa da kunnensa, kiɗa ya dagule.

Faransa ce ta zuba kuɗi a kan wannan matsala. A 1970 shugaban ƙasar, Georges Pompidou, ya nemi Pierre Boulez, babban mai tsara kiɗa kuma jagoran makaɗa, ya kafa cibiyar binciken sauti a Faris. Aka buɗe ta a 1977 da sunan IRCAM, an gina ta a ƙarƙashin ƙasa saboda hayaniyar gari. A can ne wani masanin kimiyyar fiziks ɗan Italiya, Giuseppe Di Giugno, ya ƙera na'urar 4X, wadda ke da saurin karɓar sauti ta sarrafa shi ta mayar nan take. Boulez ya tsara Répons, aka fara kaɗa shi a 1981: makaɗa 24 a tsakiya, jama'a sun kewaye su, wasu makaɗa shida kuma sun kewaye jama'a, na'ura na ɗaukar sautin shidan nan tana ninka shi tana cilla shi daga lasifika zuwa lasifika.

Sauri ya samu. Saura kunne. A ƙungiyar makaɗan Boulez akwai wani matashi mai busa sarewa ɗan Kanada, Lawrence Beauregard. Shi ne ya maƙala wa maɓallan sarewarsa ƙananan na'urori, domin duk inda ya ɗora yatsa kwamfuta ta sani. Dabarar ita ce: a zuba wa kwamfuta rubutaccen kiɗan tun kafin a hau dandamali, ita kuma ta riƙa sauraron mai busa tana gwada abin da take ji da abin da ke rubuce. Ta ga ya iso wuri kaza, sai ta saki abin da aka tanadar wa wurin. Ya yi sauri, ta yi sauri. Ya tsaya ya ja numfashi, ta jira shi. Beauregard ya rasu a 1985 bai kai shekara 30 ba, bai ga ƙarshen aikin ba. Bayan shekara 2, a 1987, Philippe Manoury ya fitar da Jupiter na sarewa da 4X, ya sadaukar da shi ga Beauregard. Wannan na cikin manyan ayyuka na farko da na'ura ta bi mutum a gaban jama'a.

Wani masanin lissafi Ba'amurke, Miller Puckette, shi ne ya rubuta manhajar da ta sauƙaƙa wannan aiki, ya sa mata suna Max don girmama Max Mathews. A cikinta mai tsara kiɗa zai jera 'yan akwatuna a fuskar kwamfuta ya haɗa su da layi: wannan ya saurara, wannan ya jinkirta, wannan ya ɗaga murya. A 1996 Puckette ya sake rubuta wata mai kama da ita, Pure Data, ya bayar da ita kyauta ga duniya. Ku riƙe wannan suna, za mu dawo kansa.

Ba wai kunnen na'ura ya zama na mutum ba ne. Makaɗi ya yi kuskure, ko ya tsallake wani sauti, ko ya karkaɗa yatsa da sauri, sai kwamfuta ta ɓata, ta saki abin da ba a zo wurinsa ba. An yi shekaru ana gyara. A 2007 Arshia Cont ya fito da manhajar Antescofo a IRCAM, wadda ke auna saurin makaɗi tana hasashen lokacin da sauti na gaba zai faɗo. Duk da haka, har yau da yawa sun fi natsuwa da hanya mai sauƙi: a ajiye wa makaɗi abin takawa a ƙasa, in ya iso wurin ya taka da ƙafa, na'ura ta amsa.

(ƊAN KIƊA)

Idan aka tambaye ni wa ya fi sanin abin da za a yi da wannan kunne, zan ambaci mace. Kaija Saariaho 'yar ƙasar Finlan ce, an haife ta a 1952, ta koma Faris a 1982, ta rasu a 2023. Abin da ya dame ta shi ne sautukan da malaman kiɗa ke hana ɗalibi yi: ƙarar izga idan an danne ta da ƙarfi a kan tsirkiya, hucin iska da ke kuɓucewa daga bakin mai sarewa, raɗar da ke fita kafin sauti ya tsaya. A babban zaure waɗannan ba sa kai wa kujerar baya. Makirfo ne ke kawo su kusa da kunnenka, kamar ka kwantar da kanka a jikin gogen. Ta sa kwamfuta ta warware mata sautin celo ɗaya, ta ga ƙananan muryoyin da ke dunƙule a cikinsa, ta gina kiɗan makaɗa tara a kansu a 1986, bayan ta ga hasken nan mai launi da ke bayyana a sararin samaniyar ƙasashen arewa mai nisa. A 1987 ta rubuta wa Kronos kiɗan goge huɗu da lantarki. A 1992 ta yi NoaNoa na sarewa, inda mai busa ke raɗa kalmomi cikin sarewar yana busawa. A nan ta saita na'urar amsa-kuwwa a wata hanya mai ban sha'awa: gwargwadon yadda mai busa ya sassauta, gwargwadon yadda amsa-kuwwar za ta yi tsawo. Wato ƙaramin sauti shi ke samun babban ɗaki. Wannan shawara ce ta mai kunne, na'ura hannu kawai ta ba ta.

Akwai kuma wanda ya bi wata hanya daban. George Lewis, baƙar fata ɗan Shikago, mai busa kakakin Turawa mai zugewa, ya fito ne daga al'adar jaz inda ake ƙirƙirar kiɗa a tsaye ba takarda. Shi bai so na'ura ta zama mai bin umarni ba. Daga 1987 ya gina manhajar Voyager, wadda ke sauraron mai busa, ta ga dama ta kwaikwaye shi, ta ga dama ta saɓa masa, ta ga dama ta yi nata ko da ya yi shiru. Mai busa bai san abin da za ta yi ba, dole shi ma ya saurare ta. Lewis ya sha faɗin cewa tunanin da ke cikin manhajar daga kiɗan baƙaƙen Amurka ya samo shi, inda kowa ke da murya a taro.

Masu sauraro, ba zan ɓoye muku ba, ba duk abin da ake yi da sunan wannan kiɗa ne ke da daɗi ko ma'ana ba. Akwai tarukan da baje kolin kayan aiki ne kawai: wayoyi sun cika dandamali, sauti na ta shawagi, amma ba abin da ya taɓa zuciya. Ni ga yadda nake auna shi. A cire wutar na'ura. In kiɗan bai rasa komai ba, to lantarkin ado ne. A sallami makaɗin. In ba a ji rashinsa ba, to an kawo shi ne don a cika dandamali. Aikin kirki shi ne wanda kowanne ka cire, sauran ya rushe.

Mutumin nan na biyar da ke zaune a tebur cikin jama'a, shi ne aka fi mantawa wajen yabo, alhali nauyi mai yawa na wuyansa. Yana da tasa takardar kiɗan, yana bin ta layi-layi. Shi ke ɗaga sauti ya sauke gwargwadon zauren, domin zaure mai cike da mutane ba ya amsawa kamar yadda ya amsa da rana lokacin gwaji. Shi ke tsare kukan nan mai huda kunne da ke tashi idan makirfo ya jiyo lasifikarsa. In kwamfuta ta ɓata, yatsansa na kan maɓalli ya dawo da ita hanya kafin kowa ya farga. Dalilin zamansa a tsakiyar jama'a ke nan: ya ji abin da suke ji.

Sai wata damuwa da ta fi wannan girma. Gogen da Antonio Stradivari ya sassaƙa a Italiya wajen shekarar 1700 har yau ana kiɗa da shi. Takardar Haydn, duk mai goge da ya iya karatu zai ɗauka ya kaɗa. Amma na'urar 4X ta daɗe da barin aiki. Duk kiɗan da aka tsara domin wata na'ura, ranar da kamfani ya daina ƙera ta, ko manhaja ta ƙi tashi a sabuwar kwamfuta, ya shiga haɗari. Sai an sami wanda zai zauna ya sake gina shi a sabon tsari, ya saurari tsohon naɗi, ya tambayi waɗanda suka halarta in suna raye. Manyan ayyuka irin na Boulez da Saariaho sun sami masu yi musu wannan hidima. Na ƙananan masu tsara kiɗa da yawa sun kwanta a akwati, takardar makaɗi na nan, rabin lantarkin ya tafi.

(ƊAN KIƊA)

Wani zai ce, mu ina ruwanmu da kiɗan zaurukan Faris? Ruwanmu shi ne mu ma kwamfuta ta shigo kiɗanmu, sai dai ta wata ƙofar. A sutudiyoyinmu na Kano da Kaduna da Jos da Zinder da Maraɗi, fiyano da kwamfuta ne ke fitar da kalangu da goge da sarewa, yaro ɗaya ya yi aikin mutum goma. A wurin biki kuma sau da yawa filashi ake sakawa, mawaƙi ya riƙe makirfo yana bin abin da ya naɗa a baya. Ban raina wannan sana'a ba, ta ciyar da gidaje, kuma ta fitar da waƙoƙin da muke so. Amma a wannan tsari na'ura ta zauna ne a kujerar makaɗi, shi kuma an bar shi a waje. Kuma akwai asarar da kunne ke ji. Fiyano matakai 12 gare shi ƙayyadaddu, ba ya sauka a tsakaninsu. Goge da kukuma da sarewar makiyayi kuwa a tsakanin nan suke zamewa, a nan daɗinsu yake. Makirfon da aka ɗora a jikin goge na gaske, hannun mai shi na kai, yana ɗaukar zamiyar nan yadda take, kwamfuta kuma ta yi aiki a kanta ba tare da ta miƙar da ita ba.

Don haka kirana ga 'yan'uwa matasa masu sutudiyo da masu karatun kwamfuta a jami'o'inmu: Pure Data kyauta ce, ana sauke ta a intanet, kuma tsohuwar kwamfutar hannu ma na iya ɗaukar ta. Abin da ake bukata bayan haka makirfo ne mai kyau da lasifika biyu. Ku nemi dattijon mai gurmi ko mai garaya ko mai goge a unguwarku. Kada ku naɗi sautinsa ku sallame shi. Ku zaunar da shi, ku biya shi haƙƙinsa, ya kaɗa ku saurara, ku gwada abin da na'ura za ta ƙara masa yana nan zaune, shi ma ya ji ya faɗi ra'ayinsa. In kun yi wani abu da ya tsaya, ku rubuta yadda kuka haɗa kayan dalla-dalla ku adana, saboda na bayanku.

A nan za mu dasa aya a shirinmu na yau.

(KIƊAN RUFE SHIRI)